Igiyar Taru a Hanyar Keta

Shi ne kan gaba a tseren keke, saura ƙiris ya shiga Keta, sai ga igiyar taru ta gitta hanya, masunta na ja suna waƙa.

"Kai ɗan nan, tsallakewa za ka yi?" in ji wata tsohuwa. "Ba da kifi uwarka ta raine ka ba?"

Ya yar da keken, ya cafki igiya yana ƙyalƙyala dariya. Kyauta ta tafi, to ta tafi mana!

Da taru ya iso gaɓa, ya waiga. Kekuna zube a yashi, abokan tserensa kaf suna bayansa riƙe da igiya.

Alƙalan tsere sun gaji da leƙen hanya, sai ga 'yan tseren a jere, kowa da kifi na reto a kan kekensa.