Kwamfutar da Ta San Tsatsa

Manaja ya ciro wayarsa, ya rubuta lambar wani famfon mai, ya tura. Injiniya tana tsaye bakin ƙofa tana jiran amsa, don yau wata ukun gwajinta ke cika: ko a ɗauke ta aiki, ko ta tattara nata-ya-nata.

Abin da ta haɗa wa kamfanin kayan gyaran motar ba shi da wuyar bayani. Makanike yana can ƙarƙashin mota, sai ya tura lambar abin da yake nema ta waya. Saƙon ya sauka a wata 'yar waya da ke jone da kwamfuta a kusurwar sito, kwamfutar ta duba rumbun bayanai, ta mayar da amsa: akwai ko babu, kuma a wace kanta. A da, sai mutum ya zo takanas ya tambayi Kawu, yayan mahaifiyarta, wanda ya shekara talatin yana riƙe da makullin siton.

Da farko kam na'urar ta sha ba ta kunya. A nemi birki ta ce ga fitila. Injiniya ta yi gyara har ta gaji, ranar nan ta taɓa wani abu, ta fita zagayen gareji don koya wa makanikai. Tun daga ranar komai ya miƙe, ita kuwa ba ta sake leƙa siton ba, don kada ta tsokano abin da ya kwanta.

Makanikai suka yi ta sam barka. Ƙorafinsu ɗaya, na'urar takan yi nawa da tsakar rana. Injiniya ta ɗora laifin a kan sabis. Kawu kuwa ko kishi bai yi ba. Ya ma sayi sabon tabarau, kullum yana zaune da shayinsa mai tururi, yana kuka da ciwon babban yatsa.

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya karanta da ƙarfi: "Akwai biyu a kanta ta tara, amma ɗaya ya yi tsatsa."

Aka aika aka duba. Biyu ne cif, ɗaya da tsatsarsa.

"Har tsatsa ta sani!" in ji Manaja, baki har kunne. "Wannan ai ta fi kawunki nesa ba kusa ba. Kin samu aiki."

Daɗi ya kashe ta. Ba ta tuna ta tanadi gurbin tsatsa a rumbun ba, amma wa ke bincike ranar murna? Ta ruga sito don yi wa Kawu albishir, ta kuma shafa kan kwamfutar da ta fitar da ita kunya.

Ta same ta sanyi ƙalau, ƙura ta lulluɓe ta. Soket ɗaya tal ke cikin siton, butar shayi ce kuma a jone, tana tafasa abinta.

"Kawu! Tun yaushe aka zare wannan?"

Kawu ya gyara tabarau, bai ko ɗago kai daga 'yar wayar da ke hannunsa ba.

"Mako shida ke nan. Sassauta murya, 'yar nan, wani na neman bel ɗin fankar mota, bari in ba shi amsa."