Sai Bayan Jarrabawa

Akawun mayanka ne ya karanta wa mahaucin takardar wayar, wato telgiram ɗin da aka kawo masa, don shi bai yi boko ba: matarsa da ta tafi jinya Kano ta rasu, har an yi mata sutura.

Ya wanke jinin shanu daga hannunsa, ya nufi gida a Agege ta Legas da la'asar. A tsakar gida ya tarar da 'yarsa kan tabarma, ta baje littattafan fiziks. Gobe za ta rubuta takardarta ta ƙarshe a sakandare, ranar da uwar ta shekara biyar tana jira. Ya buɗe baki, sai ya haɗiye maganar.

"Baba, zauna in yi maka bita," in ji ta.

Ya zauna. Ta yi ta zuba bayanin haske da madubi, yana gyaɗa kai kamar mai ganewa, yana goge ido wai hayaƙin maƙwabta ne. Masu ta'aziyya kuwa, roƙonsu ya yi su bari sai gobe.

Washegari ya tsaya a ƙofar makaranta yana neman ta inda zai fara. Da ta fito, sai ta durƙusa gabansa.

"Baba, ni masinja ya fara ba takardar wayar jiya. Na karanta, na liƙe, na ce ya kai maka. Da na ga wahalar da kake sha don ka ɓoye mini, sai na yi shiru. Na gama, Baba. Yanzu in yi kukan?"