Gwiwar Noreen

"Wannan ma sanyi gare shi," in ji Harlan, ya ture injin harbo ƙwallo na uku da aka nuna masa a shago. "Ba ku da mai harbo ƙwallo da zafi?"

Tun da matarsa Noreen ta ce ciwon gwiwa ya hana ta wasan fikilbol, mai kama da tanis da suke yi a gefe ɗaya, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Duk tsofaffin unguwarsu a Arizona ba mai yarda ya haɗa gefe da shi. Gara ya sayi inji ya yi abinsa shi kaɗai.

"Akwai ɗaya, Baba," in ji mai shagon, "amma wata na gwada shi a filin baya."

Harlan ya leƙa. Noreen ce, tana tsalle tana dukan ƙwallo kamar budurwa.

"Noreen! Ina gwiwar?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Gwiwa lafiya lau, Maigida. Shekara da shekaru, duk ƙwallon da ta nufo ni sai ka ce 'tawa ce!' ka sha gabana. Wannan kuwa ni kaɗai yake jefo wa."

Ta ɗaga murya. "Mai shago, na saya. Shi kuma ba shi mai sanyin nan, ya ishe shi."