Magogin Marigayi

Ƙarar da magogin ya yi da ya faɗi kan siminti ba ta fi ta faɗuwar cokali ba, amma kafintan sai da ya ji ta har tsakiyar kansa. Gwiwar hannunsa ce ta ture shi daga kan benci, garin juyawa ya amsa gaisuwar wani mai wucewa. Ya sunkuya ya ɗauka, sai ga shi ya tsage tun daga baki har gindi.

Da wani magogin ne, ko a jikinsa, yana da na ƙarfe irin na kasuwa. Amma wannan na ice ne, irin wanda kafintocin zamanin da suke sassaƙa wa kansu: guntun ice mai tauri, a huda shi, a zura wuƙa, a danne ta da ɗan ice, a tura a kan katako ya fito sumul. Kuma na surukinsa ne, marigayi. Da aka zo rabon kayan tsohon, maiɗakinsa ba ta nemi komai ba sai shi. A shagon ubanta ta girma, tana share masa sassaƙe, kuma ita kaɗai ce 'yarsa. Ta kawo ta damƙa wa mijin, ta ce, "Ka riƙe min amana."

Ya kuwa riƙe, gwargwadon yadda mutum mai rawar kai irinsa zai iya. Sau ɗaya a farkon aurensu ya manta shi a kan taga ya yi doguwar tafiya, ga damina. Ya dawo gabansa na faɗuwa, ya tarar da shi a rataye garau, yana ma yanka fiye da da. Tun ranar yake gaya wa kowa cewa aikin mutanen da, ruwa ma kunyarsa yake ji.

To yau ga siminti bai ji kunya ba.

Ya gwada gam. Tura ɗaya tsagar ta sake buɗewa. Ya zauna ya yi tagumi. Ba faɗa yake tsoro ba, ita ba ta iya faɗa ba ma. Shirun da za ta yi ne ba zai iya ɗauka ba, domin duk sanda ta kawo masa ruwa shago sai ta shafa magogin nan kafin ta fita. Ya cusa shi ƙarƙashin buhun sassaƙe, ya yanke shawarar da shi kansa ya san ta fi ƙarfinsa: zai sassaƙa wani sak irinsa, ta mutu ba ta sani ba.

Na farko ya huda masa baki har yatsa na shiga, ya riƙa cizgar katako maimakon gogewa. Na biyu cikinsa ya ƙi kwanciya daidai, yana rawa a kan benci. Mutumin da bai taɓa jiran gam ya bushe ba, sai ga shi yana kankare ice kaɗan-kaɗan da cizal, yana hurawa, yana rufe ido ɗaya yana hange. Masu kujeru da ƙofofi suka yi ta zarya, yana ce musu gobe.

Ita kuma da ya ji takunta sai ya yi wuf ya tare ta a ƙofa ya karɓi kofin.

"Yau kuma ni ake tara a bakin ƙofa?" ta ce. "Zinariya ka tono a ciki?"

"Ƙura ce, kar ta sa ki tari."

Na uku ya yi. Ya zura tsohuwar wuƙar, ta zauna ɗas. Saura tsufa. Ya jiƙa shi da ruwan shayi, ya shafa mai, ya shanya a rana, ya yi ta murza shi da tafin hannu. Har ɗan lotsawar nan ta gefe, inda babban yatsa ya cinye icen, sai da ya kwaikwaya da sanfefa. Nasa yatsan bai taɓa zama a ciki daidai ba, kullum sai ya yi saura. Ya rataye shi a ƙusarsa, ya ja da baya ya duba, shi kansa ya kusa yarda.

Da hantsi ta shigo da kofi, ya bar ta ta wuce. Ta miƙa hannu za ta shafa, sai hannun ya tsaya. Ta sauko da shi. Ta juya cikinsa sama, ta rufe ido ɗaya ta hanga. Ta ɗauki ƙaramar guduma ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta gyara zaman wuƙar, ta ɗora a kan katakon da ke benci ta tura. Ɓawo ya fito dogo, siriri, yana nannaɗewa har ƙasa. Shi kuwa duk gwajin da ya yi bai samu irinsa ba.

"Ba laifi," ta ce. "Sai dai bakin ya ɗan yi faɗi. Ina wancan?"

Ya jawo shi daga ƙarƙashin buhu, ya miƙa mata. "Ki yafe min. Abu ɗaya tak da Baba ya bar miki, na lalata."

Ta dubi tsagar, ta dube shi ya yi zuru-zuru har ya rame, sai dariya ta ƙwace mata.

"Haba maigida, a kan wannan ka hana kanka sukuni? Na Baba ai tun daminar da ka manta shi a taga ya kumbura ya dare biyu. Wannan da ya tsage ni na sassaƙa shi kafin ka dawo, don kar ranka ya ɓaci."