Daɓen Aji Ɗaya

Shekara uku ke nan da aka daina shara a makarantun firamare. An yi wa kowane aji sabon daɓe mai haɗiye duk abin da ya yi minti biyar a kansa bai motsa ba, daga ɓawon gyaɗa har fasasshiyar kwalba. Iyaye sun ji daɗi. Malama Asabe kuwa ba ta yarda da daɓen nan ba, shi ya sa kullum da safe take sa 'yan aji ɗaya su maimaita: "Abin da ya faɗi, a ɗauka."

Ranar Laraba hedimasta ya kira ta ofis, ya riƙe ta da surutu. Da ta dawo sai ta tarar ba kowa a mazaunin Ladidi, ƙaramar cikinsu, wadda ta zo da zazzaɓi. Ta dubi daɓen, sumul. 

"Ina Ladidi?"

"Ga ta can, Malama," in ji Tanimu, abokin zaman Ladidi a benci.

Ladidi na kan teburin Malama tana barci, an lulluɓe ta da hijabin wata.

"Kwanciya ta yi a ƙasa, ta ƙi tashi. Mu shida muka ɗauke ta, kamar yadda kika ce."

Malama ta zauna a benci, ta daɗe tana hamdala a zuci. Sannan ta tashi ta gyara wa yarinyar lulluɓi. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta, kuma ba wanda ya tambayi ina ɗayan.