Alhamis ta Ƙarshe a Fada

To, a zamanin da nake faɗa muku, sarki sarauta kawai yake yi, mulki yana hannun Firaminista. Ita kuwa Firaminista Lantana, doka ta rataya mata wani ɗan ƙarfe a wuya, duk abin da ta furta ƙasa tana ji. Tun daga nan ƙawaye suka ɗauke ƙafa. Ko ƙanwarta ta kira, daga gaisuwa sai sallama.

Wuri ɗaya ake cire shi, wato a fada ranar Alhamis, in ta kai wa Sarki Jatau takardu, na minti goma sha biyar. Wannan Alhamis ɗin ma ta ajiye shi a faifai kusa da takalmanta, ta shiga.

"Kin rame, 'yar nan. Majalisar taku ba ta tuƙa tuwo ne?"

"Ranka ya daɗe, duba ta saman."

Tsoho ya kai takardar kusa da ido. Majalisa ta zartar, daga mako mai zuwa har a nan ɗin ba za a cire ƙarfen ba.

"In na ƙi fa?"

"Ba ka da ikon ƙi. Ni ce ma zan ce ka sa hannu, aikina ke nan."

Ya buga hatimi, ya turo mata kofin kunun gyaɗa. "Saura minti tara. Faɗi abin da ke ranki."

Lantana ta buɗe baki, sai ta ji hannunta ya kai wuya yana laluben ƙarfen. Haka suka zauna shiru suna kurɓar kunu, har dogari ya yi gyaran murya a bakin ƙofa.