Yangonar da Koci Inoke Ya Karɓa

Tun 'yan wasansa ba su gama zama kan tabarma ba, Koci Inoke ya hango damin saiwar yangona, wadda ake kai wa manya in za a roƙi alfarma, a hannun kyaftin. Ya san zancen. Jiya a filin ƙwallon kwando na garin Lautoka, a bainar jama'a, ya yi wa Sakiusa, dogon ɗan wasansa na tsakiya, wankin babban bargo: "Tsawon banza, kwakwa marar 'ya'ya! Wasa tara, maki goma. Wani zan nemo."

Ga shi 'yan wasa sun zo ba shi baki. Kowa kuwa ya sani, wanda ya karɓi yangona ya karɓi buƙatar da ta zo da ita. Inoke ya ga damar nuna dattaku. Kafin kyaftin ya buɗe baki, ya tafa sau uku, ya dafa saiwar.

"Na karɓa. Albarkacinku, Sakiusa zai zauna a ƙungiya."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. "Koci, Sakiusa ba shi da laifi. Ina zai jefa ƙwallon da ba ta zo hannunsa ba? Jope ke riƙe ta. Shi muke roƙon ka zaunar a benci."

Jope kuwa ɗan Inoke ne na cikinsa.

Inoke ya ce, "Wane marar kunya ne ya kitsa wannan?"

Daga can baya Jope ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na sayo yangonar, Baba. Kai ka ce kada in ba kowa ƙwallo sai masu zaɓen 'yan wasa sun gan ni."

Hannun Inoke na kan saiwar har yanzu.